Takin Yaya da Ritayar Malam

Ranar da maigidana ya dawo daga taron bitar da aka shirya wa masu shirin ajiye aiki, ya shigo gida da sabuwar jaka a rataye da hular hana-sallah a hannu, wadda ko a mafarki ba zai sa ba. Ina tsakar gida ina soya itacen turare a kasko. Ko zama bai yi ba ya ce, "Hajiya, yau an buɗe mana ido. Ashe ita ritaya ba jira ake ta faɗo wa mutum ba, shirya mata ake yi tun da sauran shekaru."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a, amma ya ɗan matsa daga gaban murhu kada sukarin da nake haɗa turaren da shi ya ƙone.

Malam, haka nake kiransa, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a cikin Kano, kuma tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yi abu ba tsari ba. Mutum ne da ko cefane zai je sai ya zauna ya yi shawara da kansa, ko daga 'yan tumatir zai fara ko daga mahauta. To a ɗauki irin wannan a kai shi ɗakin taro mai sanyi, a ba shi shayi da cincin, a ce ya tsara sauran rayuwarsa. Ai an gama da mutanen gidansa.

Abin da ya fi kama shi a taron shi ne da aka ce kada mutum ya jingina da fansho kaɗai, don yakan yi nawa, kuma kada ya zauna haka kawai, don zama ya fi ciwo saurin karya dattijo. Abokan aikinsa kowa ya kama nasa. Wani zai buɗe shagon kayan masarufi, wani zai sayi adaidaita-sahu ya ba ɗan ƙanwarsa, wani ya ce kifi zai kiwata a bayan gida. Malam ya ce duk wahalar banza ce, shi yana da gona. Zai koma ya noma gero da gyaɗa da wake, ya ci da guminsa, ya shaƙi iskar da ba hayaƙin mota a cikinta.

Na dubi hannunsa, hannun da ya shekara talatin da ɗoriya bai riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Na ce, "Malam, kai da ko buhun gawayi aka kawo sai ka koma gefe kana ba da umarni?"

Ya ce noma a jininsa yake. Na ce to Allah ya sa jinin bai manta ba.

Ni dai tun a ranar na faɗa masa ba inda za ni. Iyayena Barebari ne, kakana ya zo Kano fatauci ya zauna, a nan aka haifi uwata aka haife ni. Borno sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma biki, amma har gobe dangin mijina 'yar Barno suke ce mini, musamman idan na faɗi magana ban yi mata kwana-kwana ba. Sana'ata turaren wuta da humra, gadon kakata. Lokacin da muka gina gidanmu a Bacirawa gonakin dawa ne kewaye da mu, na sha kuka ina cewa an kawo ni daji. Sai da gari ya biyo mu ya cim mana, iyayen amare suka san ƙofata, sannan za a ce in kwashe kwalabena in koma ƙauye? Na ce shi ya je ya yi nomansa, ni zan riƙa yi masa addu'a daga nan.

Gonar tana wani ƙauye gabas da Ɗanbatta, inda gonaki suke manne da juna, layin lalle ne kawai yake raba ta wannan da ta wancan, kuma ba ko tafin hannu na ƙasar da ba ta da mai ita. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, Malam yana birni ya fara aiki, sai kasonsa ya zauna a hannun wansa, wanda dukkanmu muke kira Yaya. Ba wanda ya ce ara mini, ba wanda ya ce na ara maka. Yaya ya ci gaba da noma ta, kowace kaka kuma sai ga buhunan gero da wake an sauke mana a ƙofar gida, da ƙullin kuka da daddawa daga matarsa. Da geron nan na sha kunun jegon duk 'ya'yana.

Yaya dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana. In ka gaishe shi sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanku, har da akuyar da aka yanka bara. Ya girmi Malam da shekaru masu yawa, shi ya sa ko yanzu da furfura ta cika gemun Malam, in suna tare ba ya iya haɗa ido da shi.

Bayan kaka Malam ya ce mu je, zai yi wa Yaya maganar gonar tun da wuri, kamar yadda aka koya musu. Muka shiga motar Ɗanbatta, mu huɗu a kujerar mutum uku. Tun daga tasha yake gwada maganar a kunnena. "Zan ce masa, Yaya, ka san komai yana da lokaci. A'a, wannan ta yi kama da wa'azi. Zan ce, Yaya, ka yi ɗawainiya, Allah ya saka."

Na ce, "Ka ce masa ina son gonata, shi ke nan."

Ya zaro ido ya waiga ko wani ya ji. "Yayana ne fa, Hajiya!"

Da muka isa na shige cikin gida wurin matar Yaya, su kuma suka zauna a zaure. Zana ce tsakaninmu, don haka ba abin da ya wuce ni. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Suka yi maganar ruwan bana da tsadar takin zamani, da wanda ya rasu da wanda ya aurar. Aka kai musu fura. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ni ina ta gyaran murya a bayan zana har matar Yaya ta tambaye ni ko mura nake yi. Sai da mai babur ya zo zai kai mu bakin titi, Malam ya ɗaga ƙafa zai hau, sannan ya ce, "Yaya, saura 'yan shekaru fa in ajiye aiki."

"Masha Allah," in ji Yaya. "Allah ya sa a gama lafiya."

"Ina tunanin in dawo gida."

"Gida ai naka ne."

Iyakar maganar ke nan. A mota Malam yana ta murmushi, ya ce mini, "Kin gani? Ya gane. Mu ba sai mun fasa magana kamar ƙwarya ba."

Ya gane kuwa. Da rani ya tsaya muka koma ƙauyen gaisuwar rasuwa, hanya ta bi da mu ta gefen gonar. Tun daga nesa na ga ta yi baƙi. Taki ne tsibi-tsibi, a jere, daga wannan layin lalle har wancan, kashin awaki da toka da sharar gida. Can tsakiya ga Yaya da jakinsa yana kwance mangala. Ya ɗago mana hannu da fara'a. Malam ya ɗaga nasa, amma na ga wuyansa ya saki.

Ni da farko ban ga abin damuwa ba, na ce ai gyara masa gonar ake yi. Sai Malam ya yi mini bayani da muryar mai zazzaɓi. A wajensu, wanda ya ari gona ya zuba mata taki, ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci takinsa, damina biyu, wasu su ce uku. Ba a rubuce take ba, ba alƙalin da zai ɗaure ka in ka karya. Amma in ka yi, har jikokinka sai an nuna su a kasuwa an ce ga zuriyar wanda ya ci takin ɗan'uwansa.

Ya yi ta lallashin kansa a hanya. Ai da sauran lokaci, kafin ya ajiye aiki Yaya ya gama cin takinsa, amfanin faɗa da wuri ke nan. Na ce, "Malam, ni fa a ganina faɗa da wurin nan ne ya ja maka." Shekara ta zagayo, muka sake zuwa, ya sake cewa saura kaɗan, Yaya ya sake cewa masha Allah. Da rani kuma sai ga sabon taki a kan tsohon, lissafi ya koma farko.

A nan ne Malam ya fito da dabarar da har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya. Ya ce tun da mai taki ne mai ci, to shi zai riga Yaya zubawa.

Ya fara da tokar murhuna, ya hana a zubar. Ya bi maƙwabta masu awaki yana roƙon a tara masa shara. Mutumin da ba ya fita sai da guga a rigarsa, sai ga shi yana leƙa turken mutane yana yaba kashin tumakinsu. Da ya ga abin ba ya taruwa da sauri, ya samo wani gidan kaji a hanyar Ungogo ya sayi kashinsu buhu-buhu. Duk aka jibge a kangon da ke jikin katangarmu.

Ni kuma ƙamshi nake sayarwa. Wata rana uwar amarya ta zo zaɓen humra, na buɗe mata kwalba, ta shinshina, ta ɗago kai ta shinshina iska, ta sake shinshina kwalbar. Ta ce, "Hajiya, wani sabon haɗi kika fara ne?" Na rantse mata ba daga kwalbar ba ne. Ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. Da Malam ya shigo na ce masa ya zaɓa, ko ni ko kashin kaji, ɗayanmu zai bar Bacirawa kafin Juma'a.

Ya ɗauko tifa aka loda. Ranar aiki ce, kuma Malam bai taɓa fashin ofis ba, don haka ya kwatanta wa direba ƙauyen ya ce ya juye a gonarsa. Direba ya isa ya tambayi gonar Malam akawu. Mutanen gari suka dubi juna, don tun tasowar yawancinsu ba su san wata gonar akawu ba. Sai wani ya ce a kira Yaya. Yaya ya zo ya zagaya motar, ya ɗebi takin ya murza a hannu, ya ce a juye masa a bakin hanya. Daga nan ya riƙa ɗiba da jakinsa, mangala bayan mangala, ya baza shi a gonar da hannunsa.

Wata Juma'a da aka yi hutun aiki Malam ya sa farar babbar riga ya tafi ganin aikinsa. Shi ya ba ni labarin da kansa, yana kwance rigingine yana kallon silin. Ana idar da sallah, kafin mutane su watse, Yaya ya kama hannunsa ya ɗaga. "Jama'a, ku taya ni godiya. Ƙanena ya aiko mini da taki mota guda, ban roƙa ba."

Masallaci ya ɗauka. Allah ya yi albarka, Allah ya bar zumunci, ina ma kowa ya sami ƙane irin wannan. Liman ma sai da ya sa baki. Na ce, "To kai me ka ce?"

"Me zan ce? Na ce ba komai."

Daminar nan gero ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ganye ya yi baƙi-ƙirin don kore, kara ya wuce kan mai doguwar hula, mutane suna tsayawa a kan keke suna kallo. Sai wata iska ta zo da ruwan tsakiyar damina ta kwantar da rabinsa. Aka ce kashin kaji zafi gare shi, gonar ta ci ta wuce ƙoshi. Da kaka buhunan da suka zo mana ba su kai na kullum ba, tare da saƙon Yaya cewa ya gode ƙwarai, amma baɗi kada a wahala, takin gida ma ya isa.

Haka muka yi ta yi har ranar ta zo. Aka yi musu walima a ofis, aka ba Malam agogon bango da darduma, aka ɗauki hoto. Makon farko ya yi barci. Daga nan sai ya riƙa tashi kamar kullum, ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya soke biro a aljihu, ya fito tsakar gida ya zauna. Da ya rasa wanda zai duba wa aiki sai ya juyo kaina. Ya jera mini kwalaben turare daga doguwa zuwa gajeriya, na zo na zuba miski a inda ba a zubawa. Ya buɗe tukunya ya tambayi dalilin da ya sa wake yake daɗewa haka. Ya ba ni shawara a kan yadda ake shanya. Na ce, "Malam, shekara nawa ina shanya ba tare da akawu ba?"

Na yi ta tsokanarsa, shi ma yana ramawa, har na lura ya daina ramawa. Garatuti, wato kuɗin sallama, bai fito ba, sai dai a kira su tantancewa su wuni a layi su dawo. Turarena ne yake ciyar da mu. Ni ko a jikina, ai shekara da shekaru shi yake yi, amma shi Malam abin yana cin sa. In ya fita ƙofar gida da rediyonsa, kowa ya tafi nema, daga shi sai mai shayi. Ƙauyen ma ya daina zuwa, wai kunya yake ji a tambaye shi me yake yi yanzu.

Wata safiya ina wanke-wanke na gan shi ya shirya tsaf ya nufi ƙofa. Ya ɗora hannu a kan sakata ya tsaya. Ya daɗe a haka, sannan ya juyo ya koma ɗaki ya cire hular. Bayan wannan ya daina ba da guga. Tuwon da yake cinyewa ya nemi ƙari, sai ya riƙa barin rabi. Na ji tsoro, tsoro na gaske, don na ga yadda mazan ƙawayena suka yi, ba ciwon komai, a zaune kawai suka ƙare. Ni da na rantse ba ruwana da gona, sai ga shi ba abin da nake so a duniya irin a ba mutumin nan gonarsa.

Da bazara aka yi sunan jikar Yaya. Malam ya ce kansa yana ciwo, in je in wakilce shi. Na ɗauki turare da atamfa na tafi. Bayan an ci an watse, na hangi Yaya a gindin darbejiyar ƙofar gida yana ɗinke mangalar da ta yage. A al'ada matar ƙane ba ta zama hira da wan miji, gaisuwa ce daga nesa a wuce. Na ja mayafi na je na durƙusa can gefe.

Na ce, "Yaya, kun riga kun sa mini 'yar Barno, to yau zan ci sunana. A yi mini afuwa."

"Bismillah, Hajiya."

"Ƙanenka yana son gonarsa. Kunyarka ta hana shi faɗa. Yana can a zaune yana lalacewa a gabana, ni kuma ba zan iya kallo ba."

Bai ɗago ba. Ya soka basilla ya ja igiya. "Na sani. Tun ranar da ya ɗaga ƙafa zai hau babur na sani."

"To takin fa, Yaya?"

Ya ɗan murmusa. "Gona ai tana son taki, Hajiya."

Sannan ya ajiye mangalar a cinyarsa.

"Gonarsa ce. Yau ya buɗe baki ya ce in ba shi, gobe ba zai ga sawun jakina a ciki ba. Amma ke da ba kya ɓoye magana, faɗa mini. Shi an tara su a ɗaki an koya musu yadda ake ajiye aiki, har da agogo aka ba shi. Ni wa ya koya mini? Tawa gonar ga ta can kina gani. Yaran nan sun yi aure, na yayyanka musu, gidaje ne a kai da ɗan inda za su jefa iri. In na ba shi wannan, in na idar da sallar asuba ina zan nufa? Abin da yake yi miki a tsakar gida shi zan zo in yi a nan gindin bishiyar. Ni kuwa ko rediyo ba na sha'awa."

Duk shekarun nan Malam yana tsara ranar da zai fara noma, bai taɓa faɗo mana a rai ba cewa ita ce ranar da Yaya zai daina. Tausayinsu su biyun ya kama ni, da haushinsu kuma, tsofaffi biyu uwa ɗaya uba ɗaya suna magana da kashin awaki. Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na tashi.

Washegari da safe, muna shan koko, na faɗa wa Malam duk yadda muka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Na zaci zai yi faɗa don na je na fasa abin da ya yi shekaru yana lallaɓawa. Bai yi ba. Ya riƙe ludayi har kokon ya yi sanyi. Can ya ce, "Tsohon kaftanin nan da kika ce a bayar, yana nan?"

Na ce yana nan.

"Ɗauko mini. Ki shirya, za ki raka ni."

A motar Ɗanbatta bai gwada ko kalma ɗaya a kunnena ba. Muka sami Yaya a inda na bar shi, hadari yana ta haɗuwa a gabas, gari ya yi ɗif da zafi. Suka gaisa, amma gajeriyar gaisuwa, har matar Yaya ta leƙo ta ga ko lafiya. Malam ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Ya ce, "Yaya, aiki na zo nema."

Yaya ya dube shi daga hula har takalmin roba. "Wane aiki ka iya?"

"Babu."

"To, ka yi gaskiya," in ji Yaya. "Ni ba na biyan lada. Kuma ba a zo mini gona rana ta take."

"Na yarda."

"Ɗakin zaure yana nan, sai a fitar da buhunan wake. Hajiya kuma na san ba za ta zauna ba."

Na ce daga bayan mayafi, "Ranar kasuwa dai zan riƙa zuwa in ga ko yana da rai."

Yaya ya miƙe ya ɗauki fartanya ya ce mu biyo shi. Muka bi shi a jere ta tsakanin gonakin mutane, duk an share an baza taki ana jiran ruwa. Da muka isa bai tsaya a tsakiya ba, ya wuce can kusurwar gabas, gindin wani gawo. Ya sunkuya ya fara jan layi a ƙasa da fartanyar, yana tafiya da baya. Ya ja ya karya kwana, ya sake ja, har ya zagayo. Wurin da ya kewaye bai fi tsakar gidanmu na Bacirawa ba.

Sai a lokacin na gane abin da yake yi. Gayauna ce, ɗan yankin da uba yake yanka wa yaro in ya tasa, ya yi wa gida aiki da safe a babbar gona, da yamma ya zo ya noma nasa na kansa. Mutumin da gonar nan duk tasa ce, mai jikoki, mai takardar fansho, shi ake yanka wa gayauna. Na buɗe baki zan yi magana, Malam ya waigo ya dube ni. Tun da muke bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba, na mayar da bakina na rufe.

Yaya ya miƙe yana dafe da ƙugu, yana haki. "Da safe kana tare da ni. In an yi azahar ka zo nan ka shuka abin da ka ga dama, ko kashin kajin ne ka zuba, ba ruwana."

Malam ya yi dariya, ni ma na yi. Yaya bai yi ba. Yana kallon layin da ya ja.

"Nan Baba ya nuna zai yanka maka, shekarar da aka zo aka tafi da kai makarantar kwana. Ya ce in riƙe maka har ka dawo." Ya miƙa masa fartanyar ta wajen ƙota. "Ka daɗe."

Malam ya cire takalmansa ya ajiye a wajen layin. Ya shiga ciki ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya karɓa da hannu biyu. Ni na juya na ba su baya, na yi kamar hadarin nake dubawa.